Ajiyar Hatsi Don Jiran Tsada: Dalilai da Sakamako ga Ƙananan Manoma

Farashin hatsi a Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar yakan faɗi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da dawa da masara suke cika kasuwanni irin su Dawanau da Saminaka da Maraɗi, sannan ya riƙa hawa daga bazara har tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Mafi yawan ribar da ke cikin wannan tazara takan tafi ga dillalai da 'yan sari, wato masu sayen hatsi da yawa su jibge a sito, domin ƙaramin manomi yakan kai kaka da bashin taki a wuyansa, ga kuɗin makaranta, ga hidimar aure da aka ɗage sai an yi girbi. Wanda ke cikin wannan hali yakan auna hatsinsa tiya-tiya a kasuwar ƙauye, ya karɓi abin da aka taya, wani lokaci ma ya dawo a watan Yuli ya sayi irin wannan hatsin da tsada don ciyar da iyali.

A 'yan shekarun nan manoma da dama sun koma ga ajiya, kuma abubuwa biyu suka ƙarfafa musu guiwa. Na farko shi ne buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 domin wake: ana ɗaure ledoji biyu na ciki tam, kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu, ba tare da an barbaɗa maganin da ke cutar da mai ci ba. Na biyu shi ne tsarin da ake kira warantaj a Nijar, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗawa tun ƙarshen shekarun 1990, inda ƙungiyar manoma take tara hatsinta a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba manoma wani kaso na darajar hatsin su biya bukatun kaka, su sayar bayan wata biyar ko shida su biya bashin. Muhimmancin wannan tsari shi ne ya raba bukatar kuɗi da tilascin sayarwa, wanda shi ne asalin matsalar.

Sai dai ajiya tana da haɗarin da aka gani ƙuru-ƙuru a Nijeriya. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin sufuri da farashin abinci sun yi tashin gwauron zabo, har mutanen da ba su taɓa noma ba suka shiga sayen hatsi suna ɓoyewa. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, kuma a 2025 farashi ya faɗi warwas alhali taki bai sauko ba. Talakan birni ya samu sa'ida, wannan abin farin ciki ne, amma manomin da ya ci bashi ya ajiye masara ya sayar ƙasa da abin da ya kashe, wasu kuwa suka rage gonakin masara suka koma ga amfanin da ba ya cin taki sosai, lamarin da ke iya rage abincin da za a samu a kaka ta gaba.

Manomi yana iya maganin ƙwari da buhu, yana iya rage nauyin bashi ta hanyar ƙungiya, amma ba shi da iko a kan matakin da hukuma za ta ɗauka bayan ya riga ya zuba taki. Don haka ya wajaba gwamnati ta riƙa bayyana shirinta na shigo da hatsi tun kafin shuka, ta kuma saya daga hannun manoma a farashi sananne a duk shekarar da kasuwa ta karye.