Ki Bar 'Yarki Ta Ga Kaduna

Ran Laraba na kai 'yan ajina Kaduna, hedkwatar Jihar Arewa har 1967. Muka shiga mota da asuba, kowa da ƙunshin ƙosai. Suka ga Lugard Hall, zauren Majalisa, da gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka kashe a 1966. Yanzu gidan ya zama ma'ajiyar tarihi.

Amma kash! Rabin 'yan matan ba su zo ba, an tsare su don talla. Haba uwa! Ribar goron yini ɗaya ta kai wannan ilmi? Tafiya mabuɗin ilmi ce. In malama ta aiko neman izini, ki shawo kan maigida, ki sallami 'yarki da addu'a. Allah ya sa mu gane, amin.