Nazarin Yahudawa a Jami'o'in Amurka: Mai Kuɗi Ya Shige Gaban Mai Karatu

Alƙaluman da ƙungiyar malaman harsuna ta Amurka, MLA, ta fitar a 2023 sun tayar mini da hankali. Tsakanin 2016 da 2021, ɗaliban da ke koyon Ibrananci na zamani a jami'o'in ƙasar sun ragu da kashi 26 cikin ɗari, masu koyon Larabci kuma da kashi 27. Duk wanda zai karanci tarihin Yahudawan da suka zauna a ƙasashen Musulmi, ba makawa sai ya riƙe harsunan nan biyu. A ganina, babban abin da ke cin fannin nazarin Yahudawa shi ne hanyar da ake ciyar da shi.

Tun farko ta ƙofar masu hannu da shuni fannin ya shiga jami'a. Kujerar farfesa da Harry Wolfson ya hau a Harvard a 1925 da kuɗin attajiri Lucius Littauer aka kafa ta. Wadda Salo Baron ya hau a Kolumbiya a 1930 ita ma waƙafi ce. Bayan an kafa ƙungiyar masana fannin a 1969, cibiyoyi suka yi ta tsirowa, da yawansu da kyautar iyalai masu dukiya. Jami'o'i suka saba da samun malamai ba tare da sun taɓa aljihunsu ba. Da ƙarnin nan ya kama, sai hankalin masu bayarwa da dama ya koma kan nazarin Isra'ila ta yau, wanda ake iya koyarwa da Turanci zalla, ɗalibi ya gama bai taɓa buɗe rubutun hannu ba.

Abin da ya faru a Jami'ar Washington da ke Seattle ya isa shaida. A 2022 jami'ar ta mayar wa wata attajira dala miliyan 5 da ta bayar don nazarin Isra'ila, bayan farfesar da ke kan kujerar da kuɗin suka kafa ta sa hannu a wata takarda mai sukar matakan Isra'ila lokacin yaƙin Gaza na 2021. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa: ƙaramin malamin da bai samu tabbacin aiki ba ya ga abin da ya samu na gaba da shi, kuma zai auna kowace kalma kafin ya furta ta a aji. Tun daga yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023 lamarin ya ƙara zafi. Wasu na kallon malaman a matsayin kakakin gwamnatin Isra'ila, wasu kuma na kiransu maciya amana, alhali mafi yawansu aikinsu Talmud ne, ko falsafa, ko adabi.

Akwai masu cewa ana ɗora wa masu kyauta laifin da ba nasu ba. Koyon harsuna gaba ɗaya ya faɗi da kashi 16.6 a wannan tsakani, Jamusanci ma ya fi Ibrananci shan kashi, an yi ƙidayar a tsakiyar annobar korona, kuma Ibrananci na Attaura ya ƙaru. Gaskiya ne, kuma ba don waƙafin nan ba, da wasu kujerun ba su wanzu ba. Sai dai korona ba ita ta mayar da dala miliyan 5 ba, kuma ba ita ke zaɓar irin malamin da za a ɗauka ba.

Asarar ta shafe mu, shi ya sa abin yake damuna. A majami'ar Ben Ezra da ke Fustat, tsohuwar Alƙahira, Yahudawa sun shafe ƙarnuka suna zuba duk takardar da ka iya ɗauke da sunan Allah a wani ɗaki, kamar yadda Bahaushe ba ya barin takarda mai bisimilla a ƙasa. A 1897 Solomon Schechter ya kwashe guntaye kusan 193,000 zuwa Kambirij. Cikinsu akwai takardun aure, da lissafin 'yan kasuwa, da wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, da yawa da Larabci amma a haruffan Ibrananci, irin dabarar ajaminmu. Da wannan salon masanin Bayahude Musa bin Maimun ya rubuta littafinsa Dalalatul Ha'irin. Daga waɗannan guntaye S. D. Goitein ya fito da mujalladi biyar kan rayuwar talakawan yankin Bahar Rum.

Marina Rustow ta Jami'ar Princeton ta nuna a littafinta na 2020 cewa wasu daga cikin takardun fadar halifofin Fatimiyyawa da aka ɗauka sun ɓace suna nan a cikin tarin guntayen. Akan yanyanka dogon umarnin halifa, a sake amfani da takardar. Sai ka ga layin Larabci na magatakardan fada, manya-manyan haruffa da tazara mai faɗi, a bayansa kuma addu'a da Ibrananci a matse. Kafin ɗalibi ya iya karanta fuska biyun wannan takarda, sai ya yi shekaru a gaban malamai biyu, kuma azuzuwan malaman biyu ne ke ta raguwa.