Wa Ya Ce Sitatus Yana Gogewa?

A watan jiya 'yar yayata da ƙawayenta huɗu suka haɗa wa wata ƙawarsu bidiyon waƙa, kyautar zagayowar ranar haihuwarta. A tsakar gida suka ɗauka, waya jingine da turmi, ludayin miya ne makirfo. Ana tsaka da rawa ɗankwalin ɗaya ya zame, suka tuntsire da dariya, suka bar wurin a ciki. Ni ma da na kalla sai da na dara. Kwana uku bayan nan sai ga bidiyon a gurup ɗin samarin unguwa, an yanko daidai faɗuwar ɗankwalin, an ɗora wata waƙar banza a kai. Da na tsare wadda ta fitar da shi, cewa ta yi: "Wallahi Kawu a sitatus kawai na sa, ai bayan awa 24 yake gogewa."

Wannan magana ta ishe ni. Halaccin bazday na bar wa malamai, ni da wannan awa 24 nake.

Abin da yake ɓacewa bayan awa 24 shi ne damar gani a shafinki. Bidiyon kansa ya riga ya sauka a wayar duk wanda ya buɗe shi. A wayoyin Android yana zaune a wani ɓoyayyen kundi na ɗan lokaci, kuma akwai manhajoji birjik waɗanda aikinsu kenan, kwashe sitatus ɗin mutane. Wanda ba shi da su zai naɗi fuskar wayarsa. Wata za ta ce ai WhatsApp ya kawo tsarin kallo sau ɗaya tun 2021. To, wa zai hana mutum ya ɗauko waya ta biyu ya saita ta a kan ta farko? Shi ma "goge wa kowa" da ake tutiya da shi ba ya bin bidiyo cikin wayar wanda ya riga ya adana ko ya tura gaba. Gurup ɗaya kuwa yana ɗaukar mutum 1,024. Magana zarar bunu ce, balle hoto mai motsi.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2007, tun zamanin Bluetooth, bidiyon sirri na wata jarumar Kannywood ya zagaye Kano daga waya zuwa waya, ya jawo wa masana'antar gaba ɗaya takunkumi. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda bidiyon waƙa guda da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ. Ita ƙwararriya ce mai suna da hanyar cin abinci, ta ci gaba da harkarta. Yarinyar da ke aji shida a sakandare, wadda dangin manemi za su zo bincike a unguwarsu nan da shekara biyu, da me za ta kare kanta? Laifin mai yaɗawa ne, babu tantama, amma a garin nan ita ake nunawa da baki.



Ban ce a daina ɗaukar bidiyo ba. A yi, amma kafin a kunna kyamara kowa ya san inda bidiyon zai tsaya, kuma idan mutum ɗaya ya ce kada a ɗora, an gama magana. A duba abin da ke bayanku: lambar gida, bajon makaranta, shanyar kayan ciki, matar gida da ta gifta ba mayafi. Ranar bikin a kunna wa mai bazday a kwamfuta ko talabijin, a kalla tare, sannan a tura mata ita kaɗai ta Xender. Guntayen da ba a yi amfani da su ba sun fi haɗari, domin a nan shirmen yake. A goge su, a shiga kwandon shara na wayar a sake gogewa, don wayoyi da yawa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30. A leƙa Google Photos ma, wataƙila ya kwafe su ba da saninki ba. Idan waya ta lalace, a cire memori kafin a miƙa wa mai gyara, in da hali a tsaya a kansa har ya gama.