Gyaran Guringuntsin Kwatangwalo da Ƙwayoyin Jikin Majiyyaci

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa in ƙashi ya karye maɗori na iya ɗora shi, ya haɗe cikin 'yan makonni. Dalili kuwa shi ne jini na ratsa ƙashi yana ciyar da shi. Amma guringuntsi, watau farin abu mai santsi da ke lulluɓe kan ƙashin cinya inda ya shiga gurbinsa a kwatangwalo, ba shi da jijiyoyin jini. Saboda haka in ya zaizaye ba ya tsirowa. Tun a 1743 likitan nan na Birtaniya, William Hunter, ya lura da wannan.

A 1994 ne waɗansu likitocin Gotanbag ta ƙasar Suwidin, cikinsu har da Mats Brittberg da Lars Peterson, suka bayyana wata dabara da suka gwada a gwiwoyin mutum 23. Akan yanko ɗan guringuntsi mai lafiya daga jikin majiyyaci, a reni ƙwayoyinsa a ɗakin bincike har su hayayyafa, sa'an nan a mayar da su inda ya lalace. Da yake ƙwayoyin nasa ne, jiki ba ya ƙin su. Daga baya aka gwada a kwatangwalo, sai dai aikin ya fi wuya domin gaɓar na da zurfi.

To, ina ruwan mutumin Ƙofar Rini da wannan bincike? Amsar ita ce amosanin jini, watau sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita. Ƙwayoyin jini masu kama da lauje sukan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Ƙashin sai ya mutu, ya rufta, guringuntsin da ke bisansa ya bi shi. Ta haka ne saurayi ko budurwa kan kama ɗingishi, har zaman tahiya ya gagara.

A Faransa, Philippe Hernigou ya ɓullo da hanyar da ta dace da irin waɗannan. Akan zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugun majiyyaci, a tace shi, a huda kan ƙashin da ya fara mutuwa a ɗura masa. Rahotonsa na 2002 ya nuna cewa an fi dacewa in an yi aikin kafin ƙashin ya rufta. In ya riga ya rufta kuwa, galibi sai gaɓar ƙarfe da roba, wadda ke da tsada, kuma takan gaji kafin matashi ya tsufa.

Ashe ke nan lokaci shi ne jigon al'amarin. Mai sikila da ya ji ciwo a matsematsi ya ƙi tafiya, bai kamata a tsaya sakiya ko ɗori ba. A kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano a ɗauki hoto. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.