Wa Ake Yi wa Liƙi?

Duk wanda ya san cinikin albasa da tafarnuwa a Wurno ko Goronyo ya san manomin fadamar Rima ba ya wasa da kuɗinsa. Dillali ya taya buhu, manomin ya ce albarka. A ƙara ɗari biyu, ya sake cewa albarka, ya kau da kai. Yana iya wuni cikin rana a kan naira ɗari biyar, don shi ya san abin da ya kashe wajen man injin ban-ruwa da taki da 'yan ƙwadago. To amma ka bi shi bikin ƙaninsa bayan an kwashe amfanin rani. Zabiya ta ɗauki waƙa, kalangu ya amsa, sai ga shi ya kutso fili da bandir ɗin sababbin kuɗi, yana zara ɗaya bayan ɗaya yana manna mata a goshi, suna zubowa ƙasa. Kafin a kai ƙarshen waƙar ya zubar da ninkin-ba-ninkin abin da ya wuni yana ja-in-ja a kansa. Mutum ɗaya ne, aljihu ɗaya. To me ya saya?

Amsar da ta fi kusa ita ce daɗin waƙa ya kwashe shi. Sai dai lokacin fitowarsa ya ƙaryata wannan. Sa'ad da zabiya ke zuba baitocinta mafi armashi, tana yi wa amarya gargaɗin zaman gidan miji har tsofaffi na share hawaye, yana zaune a kan benci ko motsi bai yi ba. Bai miƙe ba sai da ta ambaci sunansa da na mahaifinsa da ƙauyen kakanninsa. Da muryar yake biya, da tun farko ya tashi.

Amsa ta biyu ita ce ta 'yan tsegumi: wai son zabiyar yake yi. Ba a rasa mai irin wannan nufin a taro, amma dubi idon mai liƙi. Hannunsa na kan goshinta, idonsa kuwa na kan bencin da sa'o'insa ke zaune. Sannan mai neman mace da gaske a ɓoye yake aika kyauta ta hannun ƙawa ko wata tsohuwa, ba ya tara shaidu. Ga kuma Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013: tana da jikoki ana yi mata ruwan kuɗi duk inda ta kafa ƙwaryarta. Ba ƙuruciya ake biya a wurinta ba.

Sai a ce to arziki ne ya yi masa yawa. Nan ma tarihin ƙasar bai goyi baya ba. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne, kuma manyan makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo sun yi masa waƙa. Kyautar sarakuna da 'ya'yan sarauta ga makaɗan fada riga ce da rawani da doki da damman hatsi, daga baya mota da kujerar Makka, kuma akasari fadawa ne ke miƙawa. Wanda sunansa ya riga ya zauna ba ya tsayawa tsakar fili yana zarar takarda. Waɗanda suka fi zafin liƙi su ne masu tasowa: saurayin da ya dawo ci-rani daga Legas ko Fatakwal, da manomin da albasa ta yi wa kuɗi bana, da ɗan kasuwar da jiya-jiya yaron shago ne.

Akwai wata alama da ta fi duk waɗannan. Kafin biki, mai liƙi yakan nemi mai canji ya farfasa masa manyan takardu zuwa 'yan ɗari-ɗari ko ɗari bibbiyu, sababbi fil, har ya biya la'ada a kai. Ya yarda kuɗinsa su ragu don yawan takardun ya ƙaru. Ga wayar hannu, ga masu POS a kowane gari. Da taimakon zabiya kaɗai yake nufi, da ya tura mata ta asusu, ba a tattake ko ɗaya ba. Amma takarda goma ta dubu-dubu nan take za ta ƙare, ɗari ta 'yan ɗari-ɗari kuwa za ta tsayar da shi a fili har kowa ya gan shi. Ashe lokaci yake saye a gaban idon jama'a.

Mabuɗin maganar yana hannun wanda ba a cika kula da shi ba, wato sanƙira. Shi ne ke tsayar da kiɗa ya ɗaga murya: "Jama'a ku saurara! Malam wane ɗan wane, jikan wane, ya ba da dubu goma! Allah shi maida mishi!" Da ya rufe baki za ka ga wani daga ɗaya gefen ya miƙe yana laluben aljihu, don ba zai yarda a ce abokin wasansa, ko wanda suke neman yarinya ɗaya, ya fi shi ba. Zancen duka tsakanin maza ne. Zabiya sikeli ce da suke auna nauyin junansu a kanta.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ana gayyato masu kiɗan dangdut bukukuwan aure da na kaciya, musamman a ƙauyukan tsibirin Java. Maza kan hau dandamali suna miƙa wa mawaƙiya kuɗi takarda bayan takarda, abin da suke kira sawer, ita kuwa tana saka sunan mai bayarwa cikin waƙa tana nanatawa. A yankunan Subang da Karawang har akwai mazan da aka sani da wannan hidimar. Harshe daban, kiɗa daban, amma cinikin ɗaya ne: kuɗi a fili, suna a lasifika.

Saura tambaya ɗaya. In suna ake saye, me ya sa na bakin mace ya fi tsada, alhali ƙasar Sakkwato cike take da makaɗa maza? Amsar tana cikin ginin gidajenmu. Makaɗi namiji iyakarsa ƙofar gida ko zaure. Zabiya kuwa tana shiga har tsakar gida, ranar sa lalle da wunin biki da ranar suna, inda iyaye mata da gwaggwanni da ƙawaye ke zaune. A can ake yanke wa namiji hukuncin da ba ya jin sa: wane mai sakin hannu ne, wane marowaci ne, wane zai iya riƙe 'yar mutane. Tun zamanin Nana Asma'u, 'yar'uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno, aka san cewa saƙon da ake son ya shiga ɗakunan mata a bakin mace ake sa shi. Jajinta, wato matan da take aikawa su koyar, sun ɗauki ilimi ne cikin waƙa, zabiya kuwa suna take ɗauka, amma ƙofar da suke bi ɗaya ce. Saurayin da ke liƙi yana aika takardar shaida ne zuwa inda ƙafarsa ba ta zuwa.

Liƙin mata da kansu wani lissafi ne daban. Wadda ta yi liƙi a bikin ƙawarta biki ta zuba, ana riƙe da shi a ka, ranar nata sha'anin za a mayar mata har da ƙari. Nasu bashi ne mai dawowa. Na maza gasa ce, in an watse ya tafi.

To ita zabiyar fa? Kuɗin da yara suka tsince cikin fanteka ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai kason makaɗa, da 'yan amshi, da sanƙira, da mai lasifika da janareto, da kuɗin mota. Abin da ba a raba shi da kowa shi ne baƙin suna. Wanda ya manna mata kuɗi ya koma gida ana ce masa mai kyauta, ita kuwa wasu iyayen ba za su bari ɗansu ya auri 'yarta ba. Haka aka yi a Indunusiya a 2003: da rigima ta tashi kan rawar mawaƙiya Inul Daratista, har babban mawaƙi Rhoma Irama ya yi tir da ita, a kan mawaƙiyar aka sauke fushi, masu cika dandamali da kuɗi ba a ɗaga musu yatsa ba.

Yau abubuwa biyu sun ƙara wa al'adar nauyi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira dubu 50 ba, ko duka biyu, ga mai watsa naira ko taka ta, kuma hukumar EFCC ta gurfanar da fitattun mutane a kan haka. Sannan a gabashin Sakkwato, inda 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, wanda aka shelanta dukiyarsa a lasifika ba masoya kaɗai suka ji ba.

Don haka, ɗan'uwa, in za ka yi kyauta yi ta a mutunce: ka sa a hannunta ko a faranti, ka bar goshi da jikin 'yar mutane, ka yi daidai ƙarfinka ba daidai na abokin takararka ba. Sana'a take yi, tana ciyar da gida da ita. Wanda ya nemi suna a bakin mace, bai kamata a ji ɓacin sunanta a bakinsa ba.