Zaɓen Baƙon Suna ga Jariri a Tsakanin Hausawan Yau: Misali daga Unguwar G.R.A., Bauchi

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce suna linzami ne, wato abin da ake jan mutum da shi tsawon rayuwarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakanin 'yan boko da ma'aikata, wato zaɓa wa jariri sunan da ba a saba ji ba. Abin da ake nufi da baƙon suna a nan shi ne sunan da ba a gaje shi daga dangi ba, kuma ba ya cikin sanannun sunayen annabawa da sahabbai da Bahaushe ya daɗe yana raɗawa. An ɗauki unguwar G.R.A. ta Bauchi a matsayin misali, sannan za a duba hanyoyin shigowar irin waɗannan sunaye da matsalolin harshe da suke tattare da su.

2.0 Tsohon Tsarin Suna

A bisa al'ada, yaron Bahaushe yakan tashi da suna fiye da ɗaya. Na farko shi ne sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai da haihuwa. Na biyu shi ne sunan alkunya, kamar Abba ko Ummi, da ake kiran wanda ya ci sunan kakansa. Na uku shi ne sunan rana ko na yanayin haihuwa, irin su Ladi da Ɗanjuma da Azumi, ko Gambo mai bin tagwaye, da Tanko mai bin mata, da Kande mai bin maza, da Audi wanda mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, da Ajuji ɗan mai wabi.

Rumbun sunayen yanka bai da faɗi. Jerin sarakunan Bauchi ya isa shaida: daga Yakubu, wanda ya kafa garin a 1809, sai Ibrahim da Usman da Umaru, da Hasan, da wasu Yakubu biyu, da Adamu Jumba da Sulaimanu Adamu, har zuwa Rilwanu da ya hau gadon sarauta a 1ƙarshen wannan jeri, a 2010. Wanda ya fita daban shi ne Muhammadu Mu'allayiɗi na 1902, shi ma laƙabi ne na Fulfulde mai ma'anar wanda Allah yake so. Saboda ƙarancin nan ne Bahaushe ya ari lambobin Larabci, Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u har zuwa Ashiru, domin bambanta Muhammadu da yawa a gida ɗaya.

3.0 Muhallin G.R.A.

Asalin G.R.A. unguwa ce da Turawan mulkin mallaka suka keɓe wa jami'ansu, daga baya manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaje ta. Da Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, aka kuma kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1979 da jami'ar fasaha a 1980, wadda ta koma Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1988, sai ma'aikata suka yawaita. Bahaushe da Bafillace da Bajari da Basaye suka zama maƙwabta, Hausa ce kuma harshen hulɗarsu.

Abin lura a nan shi ne sauyin tsarin gida. A gidan gandu na cikin gari, kakan jariri ko wani dattijo shi yake da ta cewa a kan suna. A G.R.A. kuwa, miji da mata da 'ya'yansu ne kawai a gida, don haka zaɓin ya dawo hannun iyaye, muryar uwa kuma ta ƙara ƙarfi.

4.0 Hanyoyin Shigowar Baƙin Sunaye

Ƙofar farko ita ce alkunya. Sai a raɗa wa yarinya sunan kakarta, a ce Hauwa'u, a yanka rago da shi, amma a riƙa kiran ta Afnan ko Hanan. Ta haka an girmama tsohuwa, iyaye kuma sun sami abin da suke so. A hankali wasu suka mayar da irin waɗannan su zama sunan yanka kai tsaye. Tushensu kuwa ya kasu kamar haka:

(a) Kalmomin Alƙur'ani, kamar Afnan (rassa) a aya ta 48 ta Suratur Rahman, da Hanan (tausayi) a aya ta 13 ta Suratu Maryam, da Salsabil da Tasnim, waɗanda idanun ruwa ne a Aljanna.

(b) Kalmomin Larabci masu nuna hali ko fata, kamar Iman da Ihsan da Ilham da Amal. Yaɗuwar makarantun Islamiyya, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da zirga-zirgar aikin Hajji da karatu a ƙasashen Larabawa, sun sauƙaƙa sanin su.

(c) Littattafan soyayya da finafinan Hausa, da kuma intanet a wannan zamani.

(d) Kalmomin Hausa zalla, irin su Alheri da Godiya da Murna da Salama, waɗanda suka fi yawa a tsakanin Kiristoci masu magana da Hausa, da suke karanta Littafi Mai Tsarki cikin harshen tun fitowarsa a 1932.

5.0 Matsalolin Harshe

5.1 Furuci. Tsofaffin sunayen aro sun bi ƙa'idar sautin Hausa. Harafin ladi na Larabci ya zama /l/ a Rilwanu da Murtala da Falalu. Ha mai ruwa ya zama /h/ a Halidu. /B/ ta ƙarshen gaɓa ta zama /w/ a Audu, kamar yadda sabka ta zama sauka. An kuma ƙara wasali a ƙarshen Yakubu da Umaru. Masu neman baƙon suna kan warware wannan aiki, su ce Ridwan da Khalid da Uthman. Ke nan wani baƙon suna tsoho ne da ya sauya riga, kuma bakin kaka yakan mayar da shi yadda ya saba.

5.2 Jinsi. Bahaushe ya saba da tagwayen siga irin su Aminu da Amina, Jamilu da Jamila. Sunaye kamar Ihsan da Iman ba su ɗauke da alamar jinsi, ba su kuma daɗe ba balle kunne ya saba da su kamar Zainab ko Musa. Malamin aji kan rasa ko "ya" zai ce ko "ta".

5.3 Rubutu. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta ninka wasali domin nuna tsawo, amma iyaye kan ari salon Ingilishi su rubuta Ameenah da Haneefa da Khadeejah. Suna ɗaya sai ya fito da siga uku: ɗaya a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ɗaya a rajistar makaranta, ɗaya a lambar shaidar ɗan ƙasa. Tun da hukumar JAMB ta wajabta wannan lamba ga masu jarrabawarta a 2021, saɓanin harafi guda yana iya jawo wa ɗalibi jinkiri da rantsuwa a kotu.

5.4 Ma'ana. Zuwan kalma a Alƙur'ani ba ya nufin ta dace da suna, domin Zaƙƙum da Hamana ma suna ciki. Haka kuma boko yana haɗe kalmomin da Larabci ya raba: Asiya matar Fir'auna daban take da Asiya mai ainu da sadi, wato mai saɓo, sunan da Annabi (S.A.W.) ya sauya zuwa Jamila kamar yadda Muslim ya ruwaito. Daɗin daɗawa, sunayen Larabci irin su Huda da Rana da Hala sun yi karo da kalmomin Hausa na yau da kullum, abin da kan zama abin tsokana a bakin yara.

6.0 Kammalawa

Baƙon suna ba aibi ba ne a kan kansa. Aya ta 7 ta Suratu Maryam ta nuna ba a kira kowa Yahaya ba kafin ɗan Annabi Zakariyya. Sai dai akwai asara ta fuska biyu. Sunan gado yana ɗaure yaro da danginsa, sunan yanayi kuma yana adana labarin haihuwarsa, baƙon suna kuwa ba ya yin ko ɗaya. Ya kamata iyaye su tabbatar da ma'anar suna daga asalin rubutunsa na Larabci, su gwada shi a bakin tsofaffin gida, su kuma tsayar da siga ɗaya ta rubutu tun daga takardar haihuwa. Su kuwa masana harshe, aikin da yake gabansu shi ne tsara ƙamus na sunayen Hausawa mai nuna asali da ma'ana da daidaitaccen rubutu, wanda zai haɗa da irin su Tanko da Kande da Audi, domin a unguwa irin G.R.A. su ne suke neman zama baƙi.