Wasan Kulle Mutane A Ɗaki Ya Iso Abuja

Mutanenmu na Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, waɗanda sukan yada zango wurin 'yan'uwa a Abuja in za su gida hutun Salla, kada su yi mamaki idan wata rana yaran gidan suka ce, "Kawu, taso mu je a kulle mu a ɗaki." Ba shaƙiyanci ba ne. Wani wasa ne da ya shigo manyan biranen ƙasar nan, wanda samari ke kira eskef rum, watau ɗakin kuɓuta, kuma mutum da kuɗinsa yake biya a rufe shi.

Ga yadda abin yake. Jama'a kaɗan, daga mutum 2 zuwa kamar 8, sukan shiga wani ɗaki da aka shirya musamman, a ba su labari na ƙirƙira, a ce su fursunoni ne, ko 'yan sandan ciki masu binciken kisan kai, sa'an nan a ja ƙofa a ba su awa guda. A cikin ɗakin an ɓoye makullai, da akwatuna masu kwaɗon lamba, da rubutun da ba ya ganuwa sai an haska shi da wata irin tocila. Kowane abu da aka warware shi ke nuna hanyar na gaba, har a kai ga buɗe ƙofa. Akwai ma'aikaci a waje yana kallonsu ta kyamara, in sun cije ya ɗan yi musu hannunka-mai-sanda ta lasifika. Idan minti 60 ya cika ba su fita ba, sai ya buɗe musu, su fito ana yi musu dariya.

Asalin wasan daga Japan ne. A shekarar 2004 wani mai suna Toshimitsu Takagi ya fito da wasan kwamfuta mai suna Crimson Room, inda mai wasa ke laluben hanyar fita daga wani jan ɗaki. A 2007 kuma Takao Kato na kamfanin SCRAP ya shirya shi da mutane na gaske a birnin Kyoto. A Turai kuwa Budapest ta ƙasar Hangare ce ta yi suna, bayan Attila Gyurkovics ya buɗe ParaPark a 2011, wasu suka bi sahunsa suna mai da ɗakunan ƙarƙashin tsofaffin gidaje wuraren wasa.

Ba abin mamaki ba ne da ya sami kasuwa a Abuja. Birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi, tun daga dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa ran 3 ga Fabrairu 1976, har zuwa ran 12 ga Disamba 1991 da Janar Ibrahim Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Ikko. An yi ofisoshi da manyan tituna, amma ba a gaji dandali ba irin na Kano ko Zariya, inda yara ke taruwa da dare. An daɗe ana yi wa garin tsiya cewa da Juma'a ta yi sai ya watse, kowa ya nufi Kaduna ko garinsu. Wanda ya rage da iyalinsa, in ya gaji da lambun Millennium da bakin tafkin Jabi, tilas ya nemi wani abin.

Bahaushe dai ba baƙo ba ne ga wasa ƙwaƙwalwa, domin duk wanda ya tashi gaban kaka ya sha kacici-kacici kafin a shiga tatsuniya. Bambancin shi ne, a can babba ke tambaya yaro ya ba da gari. A ɗakin kuɓuta kuwa babu wanda ya san amsa, kuma kwaɗo bai san furfura ba. Maigida yakan tsaya tsakiyar ɗaki yana ba da umarni, alhali autar gida tana can lungu ta lura cewa lambobin da ke jikin agogon bango su ne na akwati, tana ta cewa "Baba, duba nan," ba mai saurarenta sai an ɓata minti 10. Haka ma ma'aikatan ofis, inda ƙaramin akawu kan ga amsa ya yi shiru don kada a ce ya riga darekta magana. Saboda wannan ne kamfanoni ke kai ma'aikatansu, ko da yake awa guda ba ta gyara halin da aka shekara 20 ana yi.

To, amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda masu talla ba su cika faɗa ba. Ran 4 ga Janairu 2019, a garin Koszalin na ƙasar Foland, 'yan mata 5, kowace shekararta 15, suka shiga irin wannan ɗaki don murnar ranar haihuwar ɗayarsu. Iskar gas ta tsiyayo daga tukunyar na'urar ɗumama gida, wuta ta tashi a ɗakin da ke kusa da nasu. Ƙofarsu a rufe take, an cire mariƙinta na ciki an ɓoye domin yana cikin abin da za su nemo a wasan, tagogi kuma an toshe su. Ma'aikacin wurin ya ƙone bai iya isa gare su ba. Kafin 'yan kwana-kwana su fasa su shiga, hayaƙi ya kashe su duka biyar. Aka kama mai wurin, gwamnati ta sa aka bincike ɗakunan wasan a ƙasar baki ɗaya, aka rufe da dama saboda ba su da hanyar fita in gobara ta tashi.

Tun daga nan masu sana'ar na kirki a ƙasashe da yawa suka daina kulle ƙofa da gaske. Ko dai a bar ta a sake, ko a sa mata makullin maganaɗisu mai maɓalli a ciki, wanda da an danna shi, ko da wutar lantarki ta ɗauke, ƙofa za ta saki da kanta. Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, a ƙasar da ɗaukewar wuta ba labari ba ce, kuma kusan kowane gini na kasuwanci da janaretansa da jarkokin mai a bayansa.

Saboda haka magidancin da yara suka ja shi, kafin ya miƙa ko kwabo, ya ce a nuna masa yadda ake fita daga ɗakin ba tare da an ci wasan ba, ya kuma gwada da hannunsa. In ma'aikaci ya ce ai faɗin haka zai ɓata wasan, to ya kwashi iyalinsa su tafi shan tsire. Ya duba ko akwai tukunyar kashe gobara, da inda janareta yake, ya tambaya ko mai kallon kyamara zai zauna har a gama, ko kuwa shi ne kuma mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Da yake wurare da yawa sukan ce a ajiye wayar hannu a waje, wanda ke ciki ba shi da hanyar kiran lamba 112, ba shi da kowa sai wannan ma'aikaci.

Sauran ƙananan abubuwa ne. A tambaya ko za a haɗa iyali da baƙin mutane a ɗaki ɗaya, domin wasu wuraren sukan cike gurbi da duk wanda ya zo. A zaɓi lokacin da awar ba za ta ci Magariba ba. Wasu ɗakunan kuma na ban tsoro ne, da duhu da ƙara da mai shigar dodo, waɗanda ba su dace da ƙananan yara ko tsoho mai hawan jini ko mai juna biyu ba, don haka a nemi sanin labarin ɗakin tun a wajen yankar tikiti.